Babin Rijiya da Na Hana Ki

Yindiski, Potiskum

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sauke ki Zariya lafiya, ya tsare ki a hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki a makaranta da gidan kawunki. Na ba Ummanki wannan takarda ta cusa miki a ƙasan jaka, na ce kada ta buga miki waya ta faɗa miki sai ta ƙiyasta motarku ta wuce Azare. Kada ki ga laifinta, ni ne ba na son ki karanta a inda za ki iya ɗaga kai ki dube ni.

Ba zan ba ki labarin gida ba, tunda da ke aka kwana a cikinsa. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, maganar babi na tara na littafinki, babin rijiya, wanda na sa kika cire. Na ji kina gaya wa Ummanki cewa masu buga littafin suna jiran kammalallen rubutu kafin ƙarshen watan nan, kuma kin yanke shawarar aika musu ba tare da shi ba, tunda Baba ya hana. Dalilin da na ba ki ranar shi ne labarin na Hajja ne, mahaifiyata, amana ce ta gida, ba a kai ta kasuwa. Na faɗa da murya irin ta dattawa har kika sunkuyar da kai. To ƙarya na yi miki. Ƙyashi ne. Ni mahaifinki, da furfurata da komai, ina ƙyashin abin da kika rubuta, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai sake ni ba.

Kin san akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, wanda ku ke ce wa na takardun fansho. Littattafan rubutu ne a ciki guda goma sha ɗaya. Shekara talatin ina ƙoƙarin rubuta littafin almara, irin wanda ke kai mai karatu wata duniya da ba a taɓa yi ba, ban gama ko ɗaya ba. Ke kuma kin zauna a kan tabarmar tsakar gida da 'yar kwamfutarki, kina rubutu kina korar kaji, shekara biyu kin gama. Bari in gaya miki inda na yi ta faɗuwa, ko ba komai faɗuwar tawa ta yi wa wani amfani.

Da farko dai na raina garinmu. Lokacin ina sabon malami a Mamudo, ban yarda akwai abin mamaki a Potiskum ba. Shanu da tireloli da zafin rana, wa zai karanta wannan? Sai na ƙago wata ƙasa mai teku da duwatsun ƙanƙara da fada ta gilashi, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan makaranta girma ba. Wata ranar Asabar da hantsi na karanta wa Ummanki, muna sabon aure, tana yankan kuɓewa. Na yi ta zuba ina jiran ta ce kai Malam. Da na kai aya sai ta ce, "Malam, su mutanen nan me suke ci?"

Na ce, "Almara ce fa, ba littafin girki ba."

Ta ce, "To Allah ya ba su haƙuri. Shafi arba'in ba wanda ya ɗora tukunya, ba wanda ya je barka, ba wanda ya yi baƙo. Ni dai ba zan zauna a garin nan ba."

Kwana biyu ban yi mata magana ba, kuma gaskiya ta faɗa. Saboda haka duk duniyar da za ki gina, ki fara tambayar kanki inda matan garin ke ɗebo ruwa, da abin da ake sa wa baƙo a gaba, da wanda ake kira idan an yi rasuwa. Amsar tana gidan maƙwabta, ba sai kin je nesa ba. Zariya za ta nuna miki manyan littattafai na wasu ƙasashe, ki karanta, amma kada su sa ki ji kunyar inda kika fito kamar yadda na ji.

Na san wannan shawara ba kya bukatarta, kuma shi ne abin da ke ci mini rai. Da na buɗe littafinki na iske dabbobin nan masu ƙafa goma sha takwas, waɗanda ke kwanciya a bakin birni suna huci, ba sa tashi sai mai kula da su ya shafa musu wuya ya kira su da sunan da ya rubuta musu a goshi, sai na ajiye takardun na fita ƙofar gida. Tirelolin Potiskum ne, na gane su tun layi na biyu. Shekara hamsin da wani abu ina wuce su ina toshe hanci saboda hayaƙi, ban taɓa ganin komai ba sai ƙarfe. Haka birnin naki mai unguwa biyar, kowace da harshenta, da harshe na shida wanda ba na kowa ba ne amma da shi ake ciniki. Na ji muryar Bolewa da Ngizimawa da Karai-Karai da Fulani da mu Barebari muna karya Hausa a kara, kasuwar shanu, kowa da irin tasa. A cikin wannan na tashi, a ciki na tsufa, ke kika ɗauka.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, don ya ci mini aboki. Ba ki san Buba sosai ba, Bafulatanin nan dogo mai dillancin shanu wanda muke gaisawa a tsaitsaye idan mun haɗu a jana'iza. Da can ba haka muke ba. Tare muka yi firamare, kuma tunda shi Bafulatani ne ni Babarbare, kin san wasan da ke tsakaninmu. Ko daga nesa ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Kai bawana! Zo ka riƙe mini sanda in ɗaure wando." Ni kuma in ce, "Yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa? Je ka sha nononka, yunwa ce ke damun ka." Mutane su yi dariya, mu tafa, a wuce. Kullum haka, ko a gaban surukai.

Da na gane teku da ƙanƙara ba za su yi mini ba, sai na ce to bari in ɗauki na gida. Na ƙago masarauta ta mutane masu tsage a fuska, masu hikima da sarauta, da wata ƙabila ta makiyaya sirara waɗanda aka halitta don su yi musu bauta. Duk abin da nake faɗa wa Buba a bakin kara na zuba shi a takarda, na ƙara gishiri. Ina rubutu ina dariya ni kaɗai. Da na kai babi shida na ɗauka na kai masa har rumfarsa ranar da ba kasuwa, na karanta masa a gaban abokan sana'arsa. Shafin farko sun yi dariya. Na biyu dariyar ta ragu. Kafin in gama na huɗu ba mai ko tari.

Buba ya ce, "To a ina namu yake ramawa?"

Na ce, "Wane naku? Ai wasa ne."

Ya ce, "A'a Bukar. Wasa shi ne ka faɗa in faɗa. Nan kai kaɗai ka faɗa, ka ɗaure mini baki, kuma za ka kai wa mutanen da ba su san muna wasa ba. Jikana zai karanta wannan ya ce haka aka ɗauke mu."

Ranar ce ya fara kirana da sunana. Tun daga nan bai sake ce mini bawansa ba, kuma ban taɓa zaton mutum zai yi kewar a kira shi bawa ba sai da na rasa. Maimakon in ba shi haƙuri sai na ce ba shi da ilimin adabi. Kin ji girman kai.

Abin da zan gaya miki a nan ki riƙe shi da kyau, don za ki ci gaba da ɗiba daga mutane masu rai. Abin da ya halatta a baki, ido da ido, ba lallai ya halatta a takarda ba, domin takarda ba ta barin a rama. Canza wa mutane suna ba ya ɓoye su, kowa a garin nan zai gane kansa ko kin sa masa fukafukai. Idan kin ɗauki al'adar wasu, ki ba su baki a cikin labarin, kuma kafin ki kai wa baƙi ki karanta wa masu ita. Ke ma kin ɗauki wasan nan namu, na gani a babi na huɗu, ƙabilu biyu da suka yi rantsuwa za su zagi juna har abada don kada su zubar da jinin juna, kuma duk wanda aka zaga bai rama ba sai an ci shi tara. Na karanta wurin sau uku. Abin da Buba ya gaya mini a rumfa ne, wanda na ƙi ji, ke ba wanda ya gaya miki kika gane. Wallahi na ji haushi.

Akwai kuma ragwancin tambaya. Shekara goma sha ɗaya na koyar a Mamudo ban iya gaisuwa da harshen iyayen ɗalibaina ba. Da kaka idan na bi ta masussuka a kan keke ina jin mata suna waƙa suna casa, sai na mayar da ita waƙar matsafa a rubutuna, don ta yi mini kama da abin tsoro. Ke kika je kika zauna da tsofaffin matan kwana da kwanaki, kika dawo kina dariya kina ce wa Ummanki waƙar habaici ce ga mazan da ke gudun gona. Ina ɗaki ina ji, ban fito ba. Abin da ba ki gane ba kada ki mayar da shi dodo, ki tambaya. Idan kuma suka ce wannan ba na faɗa ba ne, ki bar musu abinsu.

Da wannan shawarar ta ƙarshe na fake na cuce ki, shi ya sa na zo kan abin da na yi miki.

Kin kawo mini rubutunki da hannu biyu kin durƙusa, kin ce, "Baba, ka duba mini, kai ne malamina na farko." Na riƙe shi wata huɗu. Kina zaton aiki ne ya yi mini yawa, ni da na yi ritaya ba abin da nake yi sai zaman majalisa. A mako na farko na gama shi. Sauran watannin ina neman kuskure ne da jan biro, kuma kin ga abin da na samo, 'yan wurare da kika manta ƙugiyar harafi. Da na mayar miki na ce, "Ba laifi." Na ga yadda fuskarki ta yi. Kin tsaya kina jira ko akwai ƙari, ni kuma na kunna rediyo.

Babin rijiya kuwa shi ya fi ƙona ni. Labarin da Hajja ke ba mu ne idan tana haɗa turaren wuta da rana, mu kuma muna zaune muna jiran ta ba mu ƙanzon sukarin da ya kama tukunya. Mutanen da suka baro gabas da ruwa ya ƙafe musu, rijiyarsu ta ƙi zama ita kaɗai, ta biyo su ta ƙarƙashin ƙasa. Duk inda suka ya da zango, wata tsohuwa sai ta durƙusa ta kira ta, ƙasa ta buɗe, a sha. Wannan labarin shi na ajiye wa kaina. Na ce duk shirmen da na yi a baya share fage ne, ranar da na shirya zan rubuta na rijiya, a san da ni. Littafi na goma sha ɗaya a akwatin nan nasa ne. Shafi biyu da rabi ne a ciki, kuma rubutun ya fi ki shekaru.

Sai ga shi a naki, cikakke, da tsohuwar da rawar muryarta da sanyin ruwan. Har suna kika ba rijiyar, sunan da tsohuwar ke kira. Na karanta na ji idona ya kawo ruwa, bayan nan na ji kamar an shiga ɗakina an ɗauke mini abu. Washegari na kira ki na yi miki wa'azin amana. Kika ce, "To Baba, na cire." Ko musu ba ki yi ba, kuma rashin musun ya fi dukana.

Kada ki yi irin wannan jiran. Na yi ta cewa sai na ƙware, sai yara sun girma, sai na yi ritaya. Labari ba ya zama naki don kin daɗe kina riƙe da shi. Idan kin gama abu ki sake shi ko da gurguwar ƙafa, ki kama na gaba. Kuma wata rana za ki haɗu da wanda ya fi ki, wataƙila ƙarami, wataƙila ɗalibinki. Za ki ji abin nan ya taso miki a ƙirji, don jinina ne a jikinki. Idan ya taso ki kira shi da sunansa a ranki, kada ki sa masa rawani ki ce gyara ne ko tarbiyya.

Makon jiya na je Fika wurin Goggonki Kaltum, yayata. Ba don in wanke ki na je ba, na je neman mai goya mini baya ne. Na ɗauki kwafin babin da kika bari a kan tebur, na ce in ita ma ta ce bai dace ba, shi ke nan, hankalina ya kwanta. Na same ta a zaure tana gyaran gyaɗa, muka gaisa, na karanta mata. Tana ji tana gyaɗa kai. Da na zo wurin da tsohuwar ta kira rijiyar, na faɗi sunan, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Kai a ina ka ji wannan?"

Na ce, "Yagana ce ta ƙago shi."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Bukar, kai dai har ka tsufa ba ka san gidanku ba. Ba ƙagowa ta yi ba, sunan ke nan. Ni ma sau ɗaya na taɓa jin sa, shi ma laɓe na yi, Hajja ta kama ni ta murɗe mini kunne. Ba a ba 'ya'ya. Kaka ce ke ba jikar da aka yi mata takwara, haka ita ma ta karɓa daga tata kakar. Kai ba ka lura duk sanda ta zo wurin sai ta ce 'ta kira ta' kawai ta wuce ba?"

Na ajiye takardun. Ta ce, "Shekarar da Hajja za ta rasu, ba Yagana ce ke yini a ɗakinta tana matsa mata ƙafa ba? Wa ya sa wa yarinyar sunan Hajja, ba kai ba? To kai da hannunka ka ba ta, yanzu kuma ka zo kana kukan an ɗauke maka."

Na ce to ai in sirri ne bai kamata ya shiga littafi ba. Ina dai neman inda zan riƙe.

Ta ce, "Wannan kuma ita ta san abin da suka yi da kakarta. Ka tambaye ta? Ko wa'azi ka yi mata?"

Ban tambaye ki ba. Ummanki ce ta gaya mini da na dawo, wai Hajja ta ce miki, "Zamanin yanzu jikoki watsewa suke yi, ke da kike boko ki rubuta shi kada ya mutu a bakina." Kina da shekara tara lokacin. Kina sane da wannan a ranar da na tsare ki da maganar amana, kika yi shiru don kada ki kunyata ni.

A motar dawowa daga Fika ban san lokacin da muka shigo gari ba. Shekara talatin ina gadin labarin da ban ma san tsakiyarsa ba. Shi ya sa na tsaya a shafi biyu da rabi, duk sanda na kai inda tsohuwar za ta buɗe baki sai in rasa abin da za ta ce, in ɗauka rashin ƙwarewa ne. Kuma ba zan ɓoye miki ba, sabon ƙyashi na samu a kan tsohon. Uwata ce, ni na yi jinyarta, ni na sa ta a kabari, amma ke ta raɗa wa. Na san al'ada ce, na san ba ƙina ta yi ba. Sanin bai hana ni jin zafi ba.

Saboda haka ki mayar da babi na tara inda yake, kada ki taɓa ko harafi. Kada ki jira sai ƙyashina ya wuce, don wata zai ƙare bai wuce ba. Ba izini nake ba ki ba, ba ni da iznin da zan bayar, mai abin ta riga ta ba ki. Haƙuri nake ba ki. Littafinki ya yi kyau, Yagana, ya yi kyau ƙwarai, ya fi duk abin da zan iya rubutawa ko an ƙara mini wasu shekaru talatin. Wannan ce maganar da kika tsaya jira ranar nan.

Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a alƙalaminki, ya kare ki daga sharrin masu hassada na waje da na gida. Ya tsare ki a zamanki da tafiyarki, ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla, ki girmama kawunki da iyalinsa, ki riƙa kiran Ummanki. Ya jiƙan Hajja, ya haskaka kabarinta.

Kin ga duk tsawon takardar nan ban rubuta sunan rijiyar ba. Na gwada, hannuna ya ƙi. Sau ɗaya na faɗe shi a zauren Kaltum, ban san abin da nake faɗa ba. Ba nawa ba ne. Zan jira in karanta shi a littafinki kamar kowa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Bukar